Tsoho Mai Shuka a Jikin Dutse

Kurumizawa, 6 ga Maris, 1988

Ƙanena Gensaku,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ku na bakin teku kun fara jin ɗumi. Ya gwiwar matarka Harue? Ya kunnuwan? Mu nan ƙanƙara tana kai wa ƙugu a bayan gida, hanyar maƙabarta kuwa ba a maganarta. Lafiyata ƙalau. Ina barci, ina share ƙofar gida, ina cin abinci, ko da yake komai na sa a baki ɗanɗanonsa ɗaya.

Busasshen kifin da ka aiko na gaisuwar mutuwa ya iso. Na ajiye ɗaya a gaban hoton yayanka Tomoji, na kai wa tsohuwa Shizu biyu, sauran suna rataye a madafa. Na gode. Na so in buga maka waya, sai Harue ta ce injin jirgin ruwa ya gama da kunnuwanka, ko ta manna maka kan wayar sai dai ka yi ta "eh, eh" kana dariya. Shi ya sa na nemo takarda.

Jiya yayanka ya cika kwana arba'in da tara. Malamin haikali ya hawo da ƙyar, ya yi karatunsa, ya sha shayi, ya sauka da wuri kada hanya ta daskare. Tokar gawarsa tana nan cikin tulunta a ɗakin ciki, sai ƙasa ta buɗe a binne. Da safe ina kunna turare, in buga ƙararrawa, in zuba masa shayi. Da yamma in zubar.

Duk wanda ya zo sai ya tambaye ni yaya nake ji, ni kuma ban san abin da zan ce ba. Ban yi kuka ba, Gensaku. Ranar ƙona gawa 'yarmu Mitsue ta yi kuka har muryarta ta dushe, ni ina tsaye ina tunanin ko abinci zai ishi baƙi. Ba daurewa nake yi ba. Babu komai ne a wurin, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Kurumizawar da ka bari da gida goma sha tara, yau hayaƙi biyu ke tashi a cikinta, nawa da na Shizu, ita kuma yanar ido ta rufe mata gani, da murya take gane ni. Kakanka da kakan Tomoji ciki ɗaya suka fito, kuma cikin waɗanda suka yi noma a wannan kwazazzabo kai kaɗai na sani da ya rage da idonsa. Shi ya sa kai zan tambaya. Tsoho Mai Shuka, wanda yake fitowa a jikin dutsen Maedake idan ƙanƙara ta fara narkewa, a ina daidai yake tsayawa? Ka kwatanta mini kamanninsa.

Ka gai da Harue.

Matar yayanka,
Kinue

Yaizu, 17 ga Maris

Yaya Kinue,

Takardarki ta same mu lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Gwiwar Harue tana nan, bakinta ma yana nan. Kunnuwa kuwa amfaninsu ɗaya yanzu, rataya tabarau. A nan itatuwa sun fara toho, jiya na fita ba rigar sanyi. Ki yafe mini rashin zuwa jana'iza. Likita ya ce in na hau dutse da wannan cikin nawa a watan Janairu, to ku tanadi tulu biyu.

Maganar kuka, ki ƙyale ta. Kin daɗe a cikinmu, kin zama mu. Uwata sai da babana ya shekara da mutuwa sannan ta fashe da kuka a kan wani tsohon lauje da ta tsinta a rumbu.

Amma tambayarki ta ba ni dariya har Harue ta leƙo ta ga ko lafiya. Ke za ki tambaye ni Tsoho? Na gane, kaɗaici ne, hira kike so. To ga hira. Ai ina wurin ranar. An kawo ki daga Saku, can inda ƙasa take a baje kamar tabarma, inda kuke kiwon kifi a cikin shinkafa kuna ce wa kanku manoma. Duk ƙauye an ce wannan 'yar masaƙar siliki ba za ta kai kaka ba, wuyanta zai ƙage da kallon sama. Surukarki, Inna Tatsu, ta ja ki zuwa bakin maƙabarta, mata suna biye, ta nuna Maedake da haɓa ta ce, "Kin gan shi?" Ko ƙiftawa ba ki yi ba kika ce, "Na gan shi, Inna." Wasu amaren sai sun yi shekara uku ana nuna musu. Daga ranar bakin kowa ya mutu. Inna Tatsu, wadda ko miyar da ta dafa da hannunta ba ta yabawa, ta ce babban gida ya yi dacen mai ido. Yanzu kuma mai ido ce take tambayar kurma.

Ni shekara talatin da bakwai rabona da shi. A nan duk inda ka juya ruwa ne da sarari, babu inda mutum zai jingina idonsa. Har yau in na tsaya a tashar jirage sai in ji bayana a buɗe. Mutanen nan kifi yana motsi suke cinsa, ni kuwa sai ya sha gishiri ya kwana uku nake jin na ci kifi, suna ta ce mini ɗan dutse. In da sauran soyayyar fara ta bara, ki tuna da ni. Harue ta ce ba a shigo mata da ƙwari gida, amma ina da wurin ɓoyo.

Mitsue ta rubuto mini wai tana so ki koma wurinta a Nagoya. Yarinyar tana da gaskiyarta. Ki duba maganar.

Ƙaninki,
Gensaku

Kurumizawa, 22 ga Maris

Gensaku,

Na ji kuna lafiya. Ka kula da cikin nan, ka daina yi wa likita gardama. Ga fara nan a cikin kwalba, da busasshiyar kanya goma. Ƙanƙara ta ɗan sauka, an fara ganin kan shinge.

Ba hira nake nema ba. Ban taɓa ganinsa ba, ko sau ɗaya.

Ranar da kake faɗi, na ɗaga kai na ga dutse da ƙanƙara, nan fari can baƙi, kamar bayan saniya. Mata goma suna kallon bakina. A Saku dutse yana can nesa, sai ka ga dama ka dube shi, ba wanda ya taɓa ce mini akwai mutum a jikinsa. Na ce na gani don a ƙyale ni. Na ɗauka baɗi zan gan shi. Da shekara ta zagayo kuma, ta yaya mai ido za ta ce a nuna mata? Haka abin ya yi ta tafiya, shekara arba'in da biyu.

Duk bazara Inna Tatsu takan aike ni in dubo mata. In hau, in tsaya, in ƙirga ɗari, in sauko. Abin da ya yi ta rufa mini asiri shi ne halin yayanka na magana shi kaɗai. Kullum sai na gamu da shi a hanyar da fartanya a kafaɗa, ya wuce ko kallona bai yi ba, yana gunaguni, "Malafa ta fito," ko "Hannu da saura." Sai in kai wa Inna kamar ni na gano. Bayan ta mutu ba wanda ya sake tambayata. Shi yake dubawa, ya ce a jiƙa iri, in jiƙa, ya ce a yafa, in yafa.

Ga abin da ya sa nake tona kaina yanzu. Irin shinkafarmu Jan Gemu ƙaramin buhu ɗaya ya rage, yana rataye a rufin ɗaki. Ka san babu shinkafar da take nuna a gonakinmu na sama sai ita, kuma tun da gidan Kitahara suka sauka kwari babu mai ita sai mu. Bara ba mu shuka ba, Tomoji yana asibiti. Irin ya sha sanyi biyu, yayanka kuma ya sha faɗin ba ya wuce na uku da rai. In ban shuka bana ba, shi ke nan. Na je ofishin manoma sun ba ni kalandarsu, amma tasu ta ƙasa ce. Mun fi su tudu da mita ɗari biyar, ranar da suke yafa iri mu ruwa yana daskarewa a bokiti. In na yi sauri sanyi ya ƙone tsiron, in na makara sanyin kaka ya tarar ba ta nuna ba. Tsakani kwana kaɗan ne, kuma kowace shekara da nata, Tsoho kaɗai ya san su.

Mun yi magana da Mitsue. Za ta zo ranar 22 ga Mayu a binne toka, da babbar mota. In ta tarar da tsiro a gona za ta bar ni in kai kaka. In babu, in shiga motar. Na ce to, ban ji komai ba da na faɗa. Ban ma san ko ina son zaman ba. Amma buhun nan yana sama da kaina duk inda na zauna a ɗakin, kuma ba na so a ce a hannuna ya mutu.

Kada ka yi dariya wannan karon. Ka faɗa mini inda yake.

Kinue

Yaizu, 30 ga Maris

Yaya Kinue,

Farar ta iso, kanyar ma. Na ci a bayan rumfar raga kamar ɓarawo, na gode. Cikin yana ɗan murɗawa, ba wani abu ba ne. Da fatan kina cin abinci ko da ba ya miki daɗi.

Na karanta takardarki sau uku, kunya ta kama ni. Kina tambayar abin gaske ni ina zuba kamar mai talla. Shekara arba'in da biyu! Kai, Yaya, ke ma da ƙarfin hali kike. Inna Tatsu in ta ji wannan a inda take, sai ta sake mutuwa.

To, saurara. Ki tsaya a bakin maƙabarta, daidai falalen dutsen nan da ake ajiye bokiti a kai. Ki dubi ƙololuwar Maedake, ki gangaro da ido hagu. Za ki ga giɓi uku a jere kamar bakin tsohuwa. Ƙarƙashin na uku, nan yake. Yana fuskantar hagu, ya ɗan duƙa, kwando a ƙugunsa. Malafa ce take fara fitowa ita kaɗai, ba kai ba jiki. Ranar ki zuba iri a ruwan rafi. Bayan kamar kwana goma jiki ya cika, hannu ya miƙe gaba. Ranar ki yafa. Daga nan ba ya wuce sati biyu, ƙafafu su fara lalacewa, ya tafi sai baɗi.

Na zana miki shi da biro a bayan takardar nan. Harue ta ce ya fi kama da butar shayi, amma ita 'yar teku ce, me ta sani.

Abu ɗaya, ki raba irin biyu yadda iyayenmu suke yi. Ba a zuba duka a ruwa rana ɗaya. Da kin ga malafa ki rubuto mini, ina so in sani.

Ƙaninki,
Gensaku

Kurumizawa, 21 ga Afrilu

Gensaku,

Da fatan cikin ya lafa, kuma Harue ba ta gano kwalbar ba. Ina lafiya. Shizu ta yi mura ta warke. Hanyar maƙabarta ta buɗe tun farkon wata, kullum da safe ina hawa da zanenka a aljihu.

Ina jin na gan shi.

An yi kwana biyar ana ɗumi irin wanda ban saba ji a Afrilu ba, rafi ya cika yana ta ruri. Ranar goma ga wata na tsaya a kan falalen, na bi giɓin ɗaya, biyu, uku, sai ga wani abu kamar malafa, fara tas, dutse ya kewaye ta. Ta ɗan fi inda ka zana gangarowa ƙasa, amma na ce hannunka ne yake rawa. Na ɗora takardarka kusa da ita, na ga sun yi kama. Na san ya yi wuri, ban taɓa tuna mun jiƙa iri kafin ashirin ga wata ba. Amma na ce bana ɗumi ya yi sammako, kuma wace ce ni da zan yi wa Tsoho gardama ranar da ya fara nuna mini kansa.

Na sauko da buhun, na raba biyu, na zuba rabi a rafi. Jiya wani farin zare ya bayyana ta gefen hagu, na ce hannu ne. Jikin dai bai fito sosai ba, kwandon ma ban gane shi ba, sai dai idona ba na yara ba ne. Na yafa a ƙaramar gonar nan ta bayan rumbu, na rufe da tabarmar kara. Bayana ya yi ciwo, na yi barci da rana kamar gawa.

Na gaya wa Shizu. Ta ce ita dai ƙashinta yana gaya mata sanyi bai gama ba, amma tun da mai ido ta gani ai magana ta ƙare.

Da na shigo na tsaya gaban tulun na ce an shuka. Na jira in ji wani abu a raina. Ban ji ba, amma na lura ina wanke hannu ina ɗan waƙa, ban san ta mece ce ba.

Kinue

Kurumizawa, 2 ga Mayu

Gensaku,

Da fatan kuna lafiya. Ban ji daga gare ka ba. Ni lafiyata ƙalau.

Tsiron ya mutu. Ya fito ranar ashirin da bakwai, kore siriri, kusan duka. Ranar ashirin da tara gari ya waye ruwan gonar ya daskare, tabarmar ta yi tauri kamar katako. Da rana ta fito na ɗaga, duk sun kwanta. Zuwa yamma sun yi baƙi. Na tsuguna na taɓa su ɗaya bayan ɗaya, sannan na koma gida na dafa abinci.

Wanda na gani a dutsen ma ya tafi. Cikin kwana uku malafar ta narke, hannun ya narke, babu ko alama. Ka ce yana yin sati biyu. Ko dai ba shi ba ne, ko kuwa shi ne ya ga wadda take kallonsa ya fasa. Na daina hawa.

Kwana goma sha ɗaya ina sauraren babur ɗin mai kawo wasiƙa. Ya zo sau biyu, takardar wuta da ta Mitsue. Na gane. Kai ɗan babban dangi ne, irin nan kakanninka ne suka hawo da shi a bayansu, ga wata 'yar Saku ta yi musu ƙarya shekara arba'in da biyu, ta kuma kashe rabinsa a sati ɗaya. Ni ma da ni ce da ban rubuto ba. Ba na jin haushinka.

Na fara ɗaure kaya. Abin mamaki ba su da yawa. Kwanuka akwati biyu, tufafi akwati ɗaya, kayan aikin Tomoji ban san wa zan ba ba. Mitsue ta ce ɗakin da ta gyara mini yana hawa na shida, wai in an yi sa'a ana hango teku daga taga. Ban taɓa ganin teku ba sai a talabijin. Na ce mata to.

Sauran rabin irin na mayar da shi rufin ɗaki. Ba zan jiƙa ba. In zai mutu ya mutu a buhunsa, ba sai na tsuguna na sake kallo ba.

Ka gai da Harue.

Kinue

Yaizu, 9 ga Mayu
Saƙon gaggawa

Yaya Kinue,

Ina raye, gaisuwar ke nan, babu lokacin wata. Ranar sha takwas ga Afrilu cikin ya kayar da ni, suka yanka ni, sati uku ina kwance. Harue ta ɓoye takardunki wai kada hankalina ya tashi. Yau ta ba ni su biyu tare. Mun yi faɗa har maƙwabta sun ji, ni dai ban ji ba. Haushinki kuma? Haba Yaya, wane irin mutum kika ɗauke ni?

Wace farar malafa? Tsoho baƙi ne! Ba ƙanƙara ba ce, dutsen ne. Ƙarƙashin giɓi na uku akwai babban fili fari, shi ne yake daɗewa bai narke ba. A tsakiyarsa ƙanƙara take fara tsagewa, baƙin dutse ya leƙo, wannan baƙin shi ne malafa, shi ne jiki, shi ne hannu. Ke kina neman abin da ƙanƙara ta zana, shi kuwa yana inda ta janye.

Laifina ne. Na zagaya layi da biro na bar cikin fari, ban ma yi tunani ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini baƙi ne, ba wanda na taɓa gaya wa. A wuyan babana na fara ganinsa, ban san abu ne da ake faɗi ba. Inna Tatsu ma da haɓa ta nuna miki. Ga sabon zane, na cike shi da tawada har ta huda takardar.

Da wannan ta iso ki ajiye duk abin da kike yi ki hau. A lissafina hannu ya fito ko yana gab. Babu kwana goman jiƙawa a rafi, to ki yi abin da babana ya yi shekarar da ya makara. Ki zuba irin a jakar zane, ki sa a bahon wanka bayan ruwan ya huce, ɗumin da za ki iya wanke jariri da shi. Ki riƙa ƙara ɗumi, kwana uku, da kin ga farin baki ya leƙo ki yafa. Ba duka za su tashi ba. Wasu za su tashi.

Sai magana ɗaya, na rasa ko in faɗa. Kin ce yayana yana magana shi kaɗai. Shekara goma na yi ina noma kafaɗa da kafaɗa da shi, mutumin nan yakan wuni bai ce uffan ba, ko saniya ta taka shi sai dai ya dube ta. Kuma me yake yi da fartanya a hanyar maƙabarta? Gonakinku duk suna ɗaya gefen rafi. Babu ko taki ɗaya nasa a can.

Ki hau, Yaya.

Gensaku

Kurumizawa, 23 ga Mayu

Ƙanena Gensaku,

Sannu da jiki. Ka yafe mini abin da na rubuta, ka kuma ce wa Harue ta yi daidai, da ni ce da ɓoyewa zan yi. Ka kwanta inda aka ce ka kwanta. Mu nan ganye ya rufe kwazazzabo, kwaɗi sun fara.

Takardarka ta iso ranar sha ɗaya, ina naɗe kwanuka a jarida. Na karanta a tsaye, na hau da takalmin cikin gida. Na tsaya a kan falalen. Giɓi ɗaya, biyu, uku. Gensaku, ko nema ban yi ba. Ga shi nan ƙato, ya cika fuskar dutse, malafa, kwando, hannu a miƙe. Shekara arba'in da biyu yana gabana, ina leƙen gefensa ina neman wani.

Na zauna a kan dutsen, sai na tuna ƙarshen takardarka. Na juya na dubi hanyar. Daga inda nake ana ganin kwanar da yake ɓullowa da fartanyarsa. Ashe jira yake in gama ƙirga ɗarina. Bai san abin da na kasa gani ba, ya dai san na kasa, kuma bai taɓa bari in san ya sani ba. Na zage shi da ƙarfi, ni kaɗai a maƙabarta. Na ce, "Ɗan banza, da ka tambaye ni sau ɗaya." Ka san yadda ƙafa take yi idan jini ya fara komawa cikinta. Babu daɗi ko kaɗan.

Na sauko na hura wutar baho. Kwana uku ban yi wanka ba, iri ne a ciki. Ranar sha huɗu na yafa. Kamar rabi suka tashi, wuri-wuri, nan cunkus can fili, amma kore ne kuma suna tsaye. Na makara da 'yan kwanaki. Ko za ta nuna kafin sanyin kaka ban sani ba.

Jiya Mitsue ta zo da motarta da direba. Ba ta shiga gida ba, ta zagaya bayan rumbu, ta tsuguna da takalminta mai tsini ta daɗe tana kallo. Ta ce 'yan waɗannan ne za su riƙe ni a nan? Na ce ita ta ce tsiro, ba ta faɗi nawa ba. Ta ce halin Baba na ɗauko.

Muka hau da tulun, malamin haikali yana gaba, Shizu a bayan direba. Aka ɗaga dutsen kabari, aka sa yayanka kusa da uwarsa, aka rufe. Ana tattara bokiti na ja Mitsue zuwa kan falalen. Ƙafafun Tsoho sun fara lalacewa, amma daga ƙugu zuwa sama yana nan. Ban san lokacin da na nuna da haɓa ba, na ce, "Kin gan shi?"

Ta ce, "Eh mana, Inna, ai tun ina ƙarama."

Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na san muryar nan, tawa ce. Yarinyar da na haifa a wannan gida, uwarta mai ido, wa za ta tambaya?

Na kama kafaɗunta ta baya na juya ta. Na ce, "Ba ki gan shi ba. Ni ma sai ranar sha ɗaya ga watan nan na fara ganinsa. Ki bar farin, ki dubi baƙin." Ta waigo ta dube ni kamar na zare, na mayar da kanta wajen dutse. Ta daɗe. Malamin yana ta gyaran murya a bayanmu. Can sai na ji kafaɗunta sun saki a hannuna. A hankali ta ce, "Inna, ai tsayuwar Baba ce."

Na ce eh. Abin da bai zo ba a Janairu ya zo, a gaban malami da direba da kowa, har sai da Mitsue ta riƙe ni muka sauko. Shizu tana ta tambayar direba wace ce take kuka, don ba ta taɓa jin wannan muryar tawa ba.

Motar ta koma ba kaya. Akwatunan suna nan a ɗaure, ban kwance ba, ban kuma ƙara wani ba. Mitsue ta ce za ta zo lokacin dashe da mijinta, wanda bai taɓa sa ƙafa a laka ba, za mu sha kallo. Gobe zan buɗe wa gonar sama ruwa.

Yau na gasa kifinka na ƙarshe. Kai, Gensaku, gishirin ya yi yawa. Na ji shi har cikin kaina, kuma na cinye.

Matar yayanka,
Kinue